Daga Man Gyaɗa Zuwa Gazuwal: Tarihin Sauya Inji a Garejojin Maraɗi

A unguwar Zariya ta Maraɗi, kamar sauran sababbin unguwannin birnin, da wuya a yi doguwar tafiya a bakin titi ba a ga gareji ba. Za a ga tsohuwar Golf ko Starlet an ɗage mata gaba, inji na reto a jikin sarƙa, yara 'yan koyo sun yi baƙi ƙirin da mai. Cikin ayyukan da ake yi a irin waɗannan wurare, babu wanda ya kai sauya inji nauyi, musamman idan za a cire na fetur, wato esansi, a dasa na gazuwal, man da 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira dizal ko gas. Iyaye da yawa na ɗaukar gareji a matsayin mafakar yaron da karatu ya gagara. Tarihin wannan aiki kuwa yana nuna cewa tun asalinsa sana'ar awo ce da lissafi, kuma kullum buƙatarta ga karatu ƙaruwa take yi.

Mu faro daga injin kansa. Bajamushen nan Rudolf Diesel ya samu nasarar tayar da injinsa a garin Augsburg a 1897. Bambancinsa da injin fetur shi ne ba ya buƙatar tartsatsin buji. Fistan ne ke matse iska har ta koma kusan kashi ɗaya cikin 22 na girmanta, a tsofaffin injunan ƙananan motoci, ta yi zafin da ya haura digiri 500, sannan a fesa mata mai ya kama da kansa. Injin fetur na wancan zamani kashi ɗaya cikin 8 ko 9 kawai yake matsewa. Wannan matsi mai tsanani shi ya sa injin gazuwal ya fi tsimin mai, shi ya sa kuma ya fi nauyi da tsada da son a auna masa komai daidai.

Akwai wani labari da ya kamata ɗan Maraɗi ya sani. A baje kolin duniya da aka yi a Paris a 1900, an nuna wani ƙaramin injin Diesel yana aiki da man gyaɗa. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi gwajin, don tana tunanin ƙasashen Afirka da ta mallaka, inda gyaɗa ke yi sosai. Man ƙasa ya yi arha daga baya, maganar ta kwanta. Amma gyaɗar ce dai ta jawo injin gazuwal zuwa ƙasar Katsinar Maraɗi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa suka kafa rumfunan awo a Maraɗi. Bayan ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon gari a cikin kwarin Gulbi, aka mayar da birnin kan tudu da tituna miƙaƙƙu waɗanda mota ke iya bi, kuma daga wannan sabon gari ne unguwanni irin su Zariya suka tsiro daga baya. Manyan motoci suka riƙa kwasar buhunan gyaɗa zuwa Kano, a shekarun 1950 kuma aka buɗe hanyar Paraku da Kwatano. A 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA don sayen gyaɗa. Alhazan Maraɗi, waɗanda masanin nan Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, da dama daga cikinsu sun zuba dukiyarsu a harkar sufuri. Duk inda babbar mota ta yawaita kuwa, dole a samu mai gyaranta. A jikin waɗannan motoci kanikawanmu na farko suka koyi halin gazuwal.

Ƙananan motoci sun biyo baya. Kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon feshin gazuwal da yawa a 1927, Mercedes ta fito da motar fasinja mai gazuwal a 1936, Peugeot kuma ta sa injinta na Indenor a cikin 403 a 1959. Daga nan 404 ta zo a 1960, 504 a 1968, kowace da irinta ta fetur da ta gazuwal. Waɗannan su ne motocin da suka riƙe hanyoyinmu. A shekarun 1970 da 1980 matasan Turawa kan tuƙo tsofaffin Peugeot su keto Sahara ta Tamanrasset da Arlit da Agadas, su sayar a Nijar su koma gida ta jirgi. Ta kudu kuma, masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, kayan gyaranta suka cika kasuwannin Kano da Katsina. Da yake jikin motar ɗaya ne ko da injin ya bambanta, bakanike ya gane cewa ana iya ɗauke inji daga wannan a sa wa waccan. A nan sauya inji ya zama sana'a.

Tashin farashin mai na 1973 ya sa Turawa neman ƙaramar mota mai tsimi. A 1976 Volkswagen ta fito da Golf mai gazuwal, injin lita 1.5 mai ƙarfin doki 50. Dabarar da suka yi ita ce, a kan gangar injinsu na fetur suka gina na gazuwal ɗin, don haka mazaunin injin da wurin haɗa shi da akwatin giya suka zo kusan ɗaya. Shi ya sa har yau sauya injin tsohuwar Golf ya fi sauƙi a kan na motoci da dama.

Talauci ne ya kawo waɗannan motoci ƙasashenmu da yawa. Farin 1973 da 1974 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 sun karya noman da ya gina Maraɗi. A Najeriya, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar Naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. A watan Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi, kayan Turai suka ninka kuɗi. Mutane suka koma ga motocin da Turawa suka gama hawa, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam, suna sauka a Kwatano, tare da kwantena-kwantena na tsofaffin injuna. Wanda ba shi da kuɗin canja mota sai ya canja inji. Wanda ba shi da kuɗin inji sai a buɗe masa nasa, a sa sababbin ringi, a gyara kan inji, a mayar.

To amma me ya sa ƙananan motoci masu gazuwal ba su mamaye Maraɗi ba, duk da tsiminsu? Amsar tana kan iyaka. Daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa tafiyar da ba ta kai awa guda ba ce, daga can sai Jibiya. Najeriya ta daɗe da sakin farashin gazuwal, amma ta ci gaba da biyan tallafin fetur shekara da shekaru. 'Yan ruwa-ruwa suka riƙa shigo da fetur ɗin a jarkoki, ana sayar da shi a kwalabe a bakin titi ƙasa da kuɗin gidan mai. Muddin akwai wannan fetur, mai ƙaramar mota ba shi da dalilin wahalar da kansa da gazuwal. Injin gazuwal sai ya tsaya a manyan motoci da motocin ɗaukar kaya, da injunan niƙa na garuruwa irin su Tsibirin Gobir, da sauran injunan da manoman kwarin Gulbi wajen Jiratawa ke dogaro da su.

Sai kuma abubuwa suka riƙa juyawa. A watan Nuwamban 2011 aka buɗe matatar SORAZ a Damagaram, mai iya tace ganga 20,000 a rana, Nijar ta fara shan man ƙasarta. An yi shekaru ana sayar da litar gazuwal sefa 538, ta esansi 540. A watan Agustan 2022 gazuwal ya hau zuwa 668. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur a Najeriya, kasuwar ruwa-ruwa ta girgiza, jama'a suka koma gidajen mai. A watan Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta rage esansi zuwa 499, gazuwal zuwa 618. A watan Maris na 2025 kuma aka ga dogayen layukan neman esansi a biranen ƙasar.

Ga darasin lissafi da malamin aji shida zai iya rubutawa a allo. Mu ƙaddara wata mota tana shan lita 8 na esansi a kilomita 100, idan aka sa mata injin gazuwal ta koma shan lita 6. A tsohon farashi, 8 sau 540 ya ba da 4,320, shi kuma 6 sau 538 ya ba da 3,228. Mai motar ya tsira da sefa 1,092 a kowace kilomita 100. A farashin 2024, 8 sau 499 ya ba da 3,992, 6 sau 618 ya ba da 3,708, rarar ta koma 284 kacal. Mu sake ƙaddarawa cewa aikin gaba ɗaya ya ci sefa 400,000. A lissafin farko, kuɗin za su dawo bayan kimanin kilomita 36,600. A na biyu sai an yi kimanin 140,800. Inji ɗaya, mota ɗaya, amma shawarar da aka yanke a Yamai ko Abuja ta mayar da riba ta koma jiran gawon shanu. Bakaniken da ya iya wannan lissafi zai gaya wa mai mota gaskiya tun kafin a kwance ƙusa ɗaya.

Shi kansa aikin ya wuce ɗaga inji a ajiye wani. Injin gazuwal ya fi nauyi, don haka sai an duba mazauninsa da sifirin na gaba. Yana son batir da sitata masu ƙarfi, da waya ta musamman ga bujin da ke ɗumama shi kafin ya tashi. Yana son lagireto isasshe, balle a zafin Maraɗi na watan Afrilu da Mayu. Sai an wanke tanki, an ja bututun da ke mayar da ragowar mai, an sa matatar da ke raba gazuwal da ruwa. Ba ya juyawa da sauri kamar na fetur, saboda haka idan aka bar masa akwatin giyar da bai dace ba, zai yi ta kururuwa a hanya yana cinye tsimin da aka yi wahalar dominsa. Famfon mai kuwa ana daidaita lokacin feshinsa ne da agogon awo mai nuna kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Kunne da ido ba sa wannan aiki.

Abin da ya fi kowanne haɗari shi ne birki. A motar fetur, na'urar da ke ƙara wa ƙafar direba ƙarfi tana samun zuƙar iska ne daga injin kansa. Tsohon injin gazuwal ba ya samar da wannan zuƙa, sai an haɗa masa ƙaramin famfo na daban. Idan aka yi sakaci da shi, motar za ta tashi lafiya, ta yi gudu lafiya, sai ranar da akuya ko yaro ya gitta a hanyar Tsibiri direba ya ji birki ya yi tauri kamar dutse. Bayan haka akwai takardar mota, wadda ke ɗauke da irin man da motar ke sha. In ba a gyara ta ba, akwai rigima da jami'an hanya da kamfanin inshora ranar da tsautsayi ya faɗa.

Wani sauyi kuma yana tafe. Tun daga 1997 aka fara sa wa ƙananan motoci sabon tsarin feshin gazuwal wanda kwamfuta ke sarrafawa, da matsin da ya ninka na da sau da yawa. Turai ta daina ƙera tsofaffin injuna masu famfon ƙarfe zalla, waɗanda suka rage kuma kullum ƙara tsufa suke yi. Injunan da ke isowa yanzu ba sa jure gurɓataccen mai, kuma ba a gane ciwonsu sai an jona musu na'urar bincike an karanta abin da ta rubuta, da Faransanci ko Ingilishi. Yaron da aka cire daga makaranta bai iya karatu ba, aka kai shi gareji, zai iya shekara goma yana wanke ƙarfe, ranar da ya samu 'yanci ya tarar motocin da ya koya sun ƙare.

Don haka, iyaye, idan ɗanku na son kanikanci ku taya shi murna, sana'a ce da ta riƙe gidaje da yawa a wannan gari. Amma kada ku sa shi ya zaɓa tsakanin aji da gareji tun yana ƙarami. Ya yi makaranta, ya je wurin ubangidansa ranakun hutu, in hali ya yi ya nemi makarantar fasaha irin Lise Teknik Ɗan Kasawa ko cibiyoyin koyon sana'a. Ku kuma tambayi mai garejin ko yana da kayan awo, ko yana barin yara su taɓa su. Malamai kuma, ga lissafi da kimiyya da tarihi a ƙofar makarantarku. Matsin iska da zafi, kashi cikin ɗari, farashin lita, labarin gyaɗa da iyaka, duk ana iya koyar da su daga tsohon inji guda. Ku gayyato dattijon bakanike ya yi wa ɗalibai bayani, ku kai su su ga fistan da idonsu.

Kanikawan farko na Maraɗi sun koyi aikinsu da kallo da haƙuri, sun kuma riƙe motocin ƙasar nan a kan hanya a lokacin da sabuwa ta gagari kowa. Haƙƙin da ke kanmu shi ne mu ba jikokinsu alƙalami tare da sifana. Allah Ya yi wa sana'o'inmu albarka, Ya shirya mana zuri'a.