Wiliyam Chaffey, Injiniyan Da Ya Ƙi Gudu Daga Mildura

A ƙasar Ostireliya akwai wani gari mai suna Mildura a bakin Kogin Murray, fiye da kilomita 500 daga birnin Melbon. Ruwan sama kaɗan ne a wurin, ba ya kai milimita 300 a yawancin shekaru. Amma duk da haka garin ya yi suna wajen noman inabi da lemo da zabibi. Ba za a ba da tarihinsa ba sai an ambaci 'yan'uwa biyu, Joj da Wiliyam Chaffey. Dukansu biyu suka kafa garin, amma ɗaya ne ya tsaya da shi a ranar wahala.

An haifi Wiliyam a garin Brockville na ƙasar Kanada a shekara ta 1856. Da ya girma ya ƙaura zuwa Kalifoniya ta Amurka, daga baya wansa Joj ya bi shi. A can suka kafa ƙauyukan manoma biyu, Etiwanda da Ontario, a busasshiyar ƙasa. Dabararsu ita ce, duk wanda ya sayi gona ya sami rabo a cikin kamfanin ruwa, domin kada mutum ɗaya ya riƙe ruwa ya matsa wa sauran.

A 1885 wani minista daga yankin Biktoriya na Ostireliya, Alfred Deakin, ya je Kalifoniya ya ga aikin da idonsa. Yankinsa yana fama da fari, saboda haka abin ya shiga ransa ƙwarai. A 1887 gwamnatin Biktoriya ta ƙulla yarjejeniya da 'yan'uwan a kan fili mai eka 250,000, bisa sharaɗin za su kashe fam 300,000 a kansa cikin shekara 20. Filin nan asalinsa ƙasar mutanen Latji Latji ce, kafin Turawa su karɓe ta su mai da ita wurin kiwon tumaki.

Wuyar aikin ita ce, kogin yana ƙasa, gonaki kuwa suna kan tudu. Sai Joj ya tsara manyan injuna masu aiki da tururi, aka kafa su a wani wuri da ake kira Psyche Bend, suna ɗaga ruwa zuwa magudanai. Aka shata tituna, aka dasa itatuwa. Kafin ƙarshen 1890 mutane fiye da 3,000 sun zauna a Mildura, da yawansu ba su taɓa riƙe fartanya ba.

Daga nan sai wahala ta zo bi da bi. Magudanan na ƙasa ne, ba a shafe su da siminti ba, ruwa ya riƙa tsiyayewa. Wasu 'yan halittun ruwa masu kama da ƙaguwa suka huda gefensu. Gishiri ya taso ya kashe itatuwa. Ga shi kuma babu hanyar dogo, sai jiragen ruwa ke kai kaya kasuwa. In kogi ya janye, 'ya'yan itatuwa su ruɓe a hanya. A 1893 bankunan ƙasar suka karye, babu inda za a sami rance. A 1895 kamfanin 'yan'uwan ya rushe, shekara ta gaba gwamnati ta kafa kwamitin bincike, wanda ya ɗora musu babban laifi. Mutane da yawa suka bar gonakinsu suka watse.

Joj ya koma Amurka a 1897, ya kuwa sake yin babban aikin ban ruwa a Kwarin Imperial. Wiliyam ya zauna. Mai karatu ya tuna cewa zaman nan ba mai daɗi ba ne. Kullum yana gamuwa a hanya da mutanen da suka yi hasarar dukiyarsu saboda sun amince da sunan gidansu. Matarsa ta fari ta riga ta rasu a garin tun 1889. Ya koma gonarsa mai kimanin eka 200, yana aiki kamar kowane manomi, ya kuma kafa masana'antar ruwan inabi.

A hankali ya gane cewa kawo ruwa rabin aiki ne, sauran rabin yana kasuwa. Busasshen inabi ba ya ruɓewa a hanya, amma in kowa ya sayar da nasa shi kaɗai, 'yan kasuwa za su karya farashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya sa ƙarfinsa wajen haɗa kan manoma su tantance kayansu, su shirya su da kyau, su sayar da baki ɗaya. A 1907 aka kafa ƙungiyar masu busar da 'ya'yan itatuwa ta Ostireliya, ya kuwa shugabance ta shekaru da yawa. Jirgin ƙasa ya riga ya iso garin a 1903, rabon ruwa kuma ya koma hannun wata hukuma ta manoman da kansu.

Mahaƙurci mawadaci. Mutanen da suka yi fushi da sunan Chaffey su ne suka haɗa kuɗi suka saya masa mota ƙirar Ford a 1911. A 1920 ya zama magajin garin Mildura na farko. Ya rasu a can ran 4 ga Yuni, 1926, bayan shekara uku aka kafa mutum-mutuminsa a babban titin garin.

Joj ya fi ƙanensa gwanintar injuna, tarihi bai hana shi wannan yabo ba. Amma inji yakan lalace, magudana takan tsage, kamfani yakan rushe. A irin wannan rana gari yana bukatar mutumin da zai tsaya a gaban waɗanda ya ba alkawari, ya sha zarginsu, ya gyara abin da ya ɓaci tare da su. Wannan shi ne abin da Wiliyam Chaffey ya yi wa Mildura shekara talatin bayan rushewar kamfaninsa.