Fiskardo

Fiskardo ƙauye ne na bakin teku a ƙuryar arewacin tsibirin Kefaloniya, a ƙasar Girka. Ya ci sunan Robert Guiscard, jagoran mayaƙan Norman da ya rasu a tsibirin a 1085.

Girgizar ƙasar 1953 ta rusa yawancin garuruwan Kefaloniya, amma Fiskardo ya tsira. Shi ya sa har yau gidajen zamanin mulkin Venis ke tsaye a gaɓa, masu launi iri-iri da jan rufi, kuma su ne darajar wurin. Asali garin masunta ne. Yanzu da zafi jiragen ruwan masu yawon buɗe ido kan cika tasharsa, da sanyi kuwa ya yi tsit. Jirgin fito na haɗa shi da tsibirin Lefkada.