Yadda lissafin solar gida ya juye cikin shekara 70

1/ Masu shirin haɗa sola, ku matso. Tambayar farko da ake yi a kasuwa ita ce “inbata mai kVA nawa?” To ba daga nan lissafi yake farawa ba, kuma tarihin abin ne zai nuna maka dalili.

2/ A 1954 aka fito da ƙwayar sola ta silikon mai amfani a Bell Labs, Amurka. Kashi 6 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta take mayarwa wuta. Tsadarta ta sa ba mai tunanin ɗora ta a rufin gida, sai tauraron ɗan'adam, irin Vanguard 1 na 1958.

3/ Rikicin man fetur na 1973 ya sa aka waiwaye ta, amma har a 1977 wat ɗaya yana kusan dala 76. Shi ya sa ƙa'idar masu haɗawa a da ita ce: rage kayan wuta iya ragewa, tunda fanel ne mai cin kuɗin.

4/ Sai Jamus ta yi doka a 2000, ana sayen wutar sola daga masu gidaje da farashi mai tsoka. Buƙata ta tashi, masana'antun Sin suka shigo da ƙarfi, farashi ya yi ta zubewa. Yau a bakin masana'anta wat ɗaya bai kai kwatan dala ba.

5/ Kayan gida ma sun sauya. Hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 yake bayarwa, LED mai wat 10 ya wadatar. Japanawa uku da suka ƙirƙiro shuɗin LED har Nobel suka samu a 2014, kuma wallahi sun cancanta.

6/ Ga lissafin da misali. Fanka 3 masu wat 60, awa 8: 1,440. Ƙwai 6 masu wat 10, awa 6: 360. Talabijin mai wat 80, awa 5: 400. Firji mu ba shi 1,200 a yini. Jimilla 3,400 wat-awa.

7/ Raba da 5, wato awannin rana mai ƙarfi da za ka dogara da su a Arewa. Ka samu 680. Ƙara kashi 30 saboda zafi, ƙurar hunturu da asarar waya: wat 884. Fanel biyu masu wat 450 kenan. Da farashin 1977, wannan ya haura dala 67,000. Na fanka da firji fa!

8/ Yanzu nauyin ya koma kan batir. Batirin dalma tun 1859 Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro shi, kuma halinsa bai canza ba: in kana zuƙe fiye da rabinsa kullum, ba zai daɗe ba. Mai 200Ah, volt 12, yana ɗaukar 2,400, amma 1,200 ne naka. In dare yana cin 2,000, biyu kake buƙata. Na litiyam yana ba da kashi 80 zuwa 90, sai dai kuɗin farko ba wasa.

9/ Mu a nan dole ce ta koro mu. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, janareto ya fi ƙarfin mutane da yawa. A Afrilu 2024 aka kai 'yan Band A naira 225 kowane yunit. A Oktoban shekarar yawancin Arewa ta kwashe kwanaki a duhu.

10/ A wannan gaggawar, a ganina, da yawa sun sayi tsarin da ya dace da 1977: fanel kaɗan, batura jere. Batir ba ya cika da rana, ana zuƙe shi da dare, kafin shekara ya mutu, a ce na jabu ne.

11/ Tunda fanel ne mai araha yanzu, shi za ka yalwata. Guga, famfon ruwa da daskarar da firiza a mayar da su tsakar rana. Inbata kuwa a ƙarshe ake zaɓarsa: haɗa wat ɗin abin da zai kunnu lokaci guda, ka bar rara, don firji yana jan ninki uku ko fiye lokacin da yake tashi.