Shahidi Ko Ɗan Tawaye? Nazari Kan Yadda Aka Ci Gadon Dietrich Bonhoeffer Daga 1945 Zuwa Yau

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda aka karɓi gadon Dietrich Bonhoeffer (1906–1945), faston Ikilisiyar Lutheran a Jamus wanda gwamnatin Hitila ta rataye. An dogara ne kan rubuce-rubucensa, da hukunce-hukuncen kotunan Jamus bayan yaƙi, da yadda Kiristocin Afirka ta Kudu da na Amurka suka riƙa kafa hujja da sunansa. Nazarin ya gano cewa magadansa sun fi rububin jarumtarsa, sun bar abin da ya fi nauyi a tunaninsa, wato amincewarsa cewa ko a kan gaskiya mutum yake, yana iya kwasar alhaki, kuma ba shi da ikon wanke kansa.

1.0 Gabatarwa

Ranar 27 ga Yuli 1945 gidan rediyon BBC ya watsa wata sujadar tunawa daga wata majami'a a Landan. Can a Berlin, Farfesa Karl Bonhoeffer da matarsa Paula suna gaban rediyo, suna jin ana yi wa ɗansu addu'ar mamaci. Wanda ya jagoranci sujadar shi ne George Bell, Bishop na Chichester, Baturen Ingila, ɗan ƙasar da jiragenta suka ragargaza biranen Jamus. Tun daga nan matsalar gadon nan ta soma: abokan gaba ne suka riga mutanen gida girmama shi. Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce, wane Bonhoeffer ne aka gada, kuma wanne aka bari a baya?

2.0 Daga Mumbari Zuwa Makirci

An haife shi a Breslau ranar 4 ga Fabrairu 1906, ya sami digirin digirgir a fannin tauhidi yana da shekara 21. A 1930 ya tafi karatu birnin New York, inda ya lizimci majami'ar baƙaƙen fata ta Abyssinian Baptist a unguwar Harlem, ya ga wariyar launin fata da idonsa. Kwana biyu da naɗa Hitila shugaban gwamnati, wato 1 ga Fabrairu 1933, ya yi jawabi a rediyo yana gargaɗi kan shugaban da ya bari aka mai da shi gunki. A watan Afrilu ya rubuta maƙala kan Ikilisiya da batun Yahudawa, inda ya ce wajibin Ikilisiya ne ta tuhumi gwamnati, ta kula da waɗanda aka zalunta ko da ba mabiyanta ba ne, in ta kama ma ta tare injin zaluncin da kanta. Adalcin bincike ya wajabta a faɗi cewa a cikin wannan maƙala akwai ragowar tsohuwar koyarwar Kirista mai ɗora wa Yahudawa la'ana. Bai fito daga zamaninsa fes ba; a hankali ya riƙa sauyawa.

Mafi yawan shugabannin coci ba su bi shi ba. A zaɓen Ikilisiya na Yuli 1933 ƙungiyar Kiristoci magoya bayan Nazi ta kwashe wajen kashi biyu cikin uku na kujeru, hujjarsu kuwa ita ce umarnin biyayya ga mahukunta da ke cikin Romawa sura 13. Waɗanda suka ƙi sun haɗu a Barmen a watan Mayu 1934, suka kafa abin da aka sani da Ikilisiya Mai Shaida. Ita ce ta damƙa wa Bonhoeffer makarantar horar da fastoci a Finkenwalde a 1935, wadda 'yan sandan ciki na Gestapo suka rufe a 1937. Amma ita kanta Ikilisiya Mai Shaida ta fi damuwa da 'yancin mumbarinta fiye da rayukan Yahudawa. Da aka ƙone majami'un Yahudawa a daren 9 ga Nuwamba 1938, shugabanninta sun yi gum. A cikin Littafi Mai Tsarki nasa, a gefen Zabura ta 74, daidai ayar da ke maganar ƙone gidajen Allah a ƙasa, Bonhoeffer ya rubuta kwanan watan wannan dare da hannunsa.

A watan Yuni 1939 abokai suka sama masa mafaka a Amurka. Bai cika wata guda ba ya hau jirgin ruwa ya koma, domin a ganinsa wanda bai sha wuya tare da mutanensa ba, ba shi da bakin magana ranar gyara. Mijin yayarsa, Hans von Dohnanyi, ya shigar da shi hukumar leƙen asirin soja ta Abwehr, inda Admiral Canaris da Hans Oster ke ƙulla yadda za a kawar da Hitila. Aikinsa kai saƙo ne: a ƙarshen Mayu 1942 ya sadu da Bishop Bell a Sigtuna ta ƙasar Suwidin, ya ba shi sunayen masu shirin juyin mulki don a isar wa gwamnatin Ingila, amma ministan harkokin waje Anthony Eden bai amsa ba. An kama shi ranar 5 ga Afrilu 1943. A kurkukun Tegel yakan aika wa iyalinsa saƙo ta hanyar ɗiga fensiri a ƙarƙashin wasu haruffa cikin littattafan da ake kawo masa. Bayan yunƙurin kawar da Hitila na ranar 20 ga Yuli 1944 ya ci tura, aka gano takardun makircin a Zossen. Da asubahin 9 ga Afrilu 1945 aka rataye shi a sansanin Flossenbürg, saura mako biyu sojojin Amurka su iso wurin. An ƙone gawarsa. Ba shi da kabari.

3.0 Yadda Gida Ta Juya Masa Baya

Wanda ya san darajar Bonhoeffer a yau zai yi mamakin yadda aka ɗauke shi a shekarun farko. Ikilisiyarsa ta bambanta tsakanin wanda aka kashe saboda bangaskiya da wanda aka kashe saboda siyasa. Fasto Paul Schneider, wanda aka hallaka a Buchenwald a 1939 saboda wa'azinsa, an karɓe shi a matsayin shahidi ba gardama. Shi kuwa Bonhoeffer, da aka shirya taron tunawa da shi a Flossenbürg a 1953, Bishop Hans Meiser na Bavaria ya ƙi halarta, a kan cewa ɗan tawayen siyasa ne.

Kotu ta fi haka tsanani. Otto Thorbeck, alƙalin rundunar SS da ya yanke masa hukuncin kisa cikin dare ɗaya, ba lauya ba shaidu, Kotun Ƙolin Tarayya ta wanke shi a 1956. Ma'anar wannan hukunci ita ce, a idon doka, shi da waɗanda aka rataye tare da shi maciya amanar ƙasa ne. Sai a 1996 wata kotu a Berlin ta bayyana cewa hukuncin Flossenbürg ba shi da tushe, a 1998 kuma majalisar dokoki ta soke ire-iren waɗannan hukunce-hukuncen Nazi baki ɗaya. Shekara 51 kenan sunansa na ɗauke da tabon cin amana a takardun ƙasarsa. Da ba don amininsa kuma ɗalibinsa Eberhard Bethge ba, wanda ya tattara rubutunsa kan ɗa'a ya buga a 1949, da wasiƙunsa na kurkuku a 1951, sannan tarihin rayuwarsa a 1967, da wuya a ce duniya ta san shi yadda ta san shi yanzu.

4.0 Afirka Ta Kudu

Inda aka fi karanta shi da idon mai neman mafita shi ne Afirka ta Kudu, domin can ma coci ce ta samar wa zalunci hujja daga Littafi Mai Tsarki. Beyers Naudé, fasto a Ikilisiyar Dutch Reformed, ya bar muƙaminsa a 1963 ya jagoranci Cibiyar Kirista, yana kiran a kafa Ikilisiya Mai Shaida irin ta Jamus. A 1977 gwamnati ta ɗaure shi da dokar hana walwala. Bethge da kansa ya ziyarci ƙasar a 1973. Ra'ayin da Bonhoeffer ya nace a kai tun 1933, cewa ware mutane a coci saboda jininsu rushe bishara ne, shi ne ya sake bayyana a taron Ikilisiyoyin Reformed na duniya a Ottawa a 1982, inda aka ayyana kare wariyar launin fata da sunan addini a matsayin karkatacciyar koyarwa, haka kuma a Shaidar Belhar da aka amince da ita a 1986. Abin lura a nan shi ne, waɗannan magada ba makircin kisa suka ɗauka daga gare shi ba. Sun ɗauki tuhumar da ya yi wa cocinsa, suka juya ta kan tasu.

5.0 Rabin Gado

Wasu kuwa makircin kawai suka gani. Paul Hill, tsohon fasto da ya harbe wani likita mai zubar da ciki a jihar Florida a 1994, ya kafa hujja da Bonhoeffer. A siyasar Amurka ta 'yan shekarun nan, ɓangarori kan kira abokan hamayyarsu Hitila don su sami damar kiran kansu Bonhoeffer, har ta kai a 2024 jikokin 'yan'uwansa da dama suka fitar da wasiƙa suna nuna ɓacin ransu kan yadda masu kishin ƙasa da sunan Kiristanci ke amfani da sunansa.

A ra'ayin mai wannan nazari, a nan ne aka fi zaluntarsa. Mutumin da ya rubuta littafi sukutum a 1937 kan almajiranci da Wa'azin Yesu a kan Dutse, wanda ya yi niyyar zuwa Indiya wurin Gandhi don koyon gwagwarmaya ba da makami ba, bai taɓa cewa kisa ya halatta gare shi ba. A rubutunsa kan ɗa'a ya bayyana cewa akwai lokacin da duk inda mutum ya juya sai ya yi laifi: in ya yi shiru, jinin waɗanda ake kashewa na wuyansa, in ya ɗaga hannu, ya karya doka ta Allah. Mai neman ya fita da hannu tsab, a ganinsa, ya fifita tsarkin kansa a kan ran maƙwabcinsa. Saboda haka ya zaɓi ya ɗauki alhakin ya kira shi da sunansa, ya bar hukunci ga alherin Allah. Ya kuma isa wannan matsayi ne bayan shekaru yana gwada wa'azi da rubutu da koyarwa da roƙon ƙasashen waje, har aka hana shi koyarwa a jami'a a 1936, aka hana shi magana a bainar jama'a a 1940, aka hana shi buga littafi a 1941. Duk wanda ya tsallake waɗannan shekaru ya dira kan bindiga yana murna, yana ganin kansa wankakke, da wani mutum daban yake koyi.

Ko masu ƙaunarsa ba su tsira daga gyara masa hoto ba. Labarin da ya yaɗu na cewa ya mutu cikin natsuwa a cikin daƙiƙu kaɗan ya fito ne daga bakin likitan sansanin, jami'in SS, shekara goma bayan aukuwar abin, kuma masana tarihi da dama na shakkar sa, ganin irin azabar da aka saba gana wa waɗanda ake ratayewa a Flossenbürg. Hukumar Yad Vashem ta Isra'ila kuma har yanzu ba ta sa shi cikin jerin waɗanda ta karrama da ceton Yahudawa ba, duk da hannun da yake da shi a shirin da ya tsallakar da mutum 14 zuwa Suwizalan a 1942. A watan Yuli 1998 aka buɗe mutum-mutuminsa a saman ƙofar yamma ta majami'ar Westminster a Landan, cikin shahidai goma na ƙarni na 20, a jere ɗaya da Martin Luther King da Akbishop Janani Luwum na Yuganda, wanda gwamnatin Idi Amin ta kashe a 1977. Sunan shahidi da Bishop Meiser ya hana shi a Bavaria, a Landan aka sassaƙa masa shi a dutse, shekara 45 bayan haka.