Intanet Marar Uban Ɗaki: Mene Ne Shi, Kuma Me Zai Tsinana Wa Ɗan Kasuwa?

Intanet ɗin da muka saba da shi yana da masu shi. Hotunanka suna kwamfutocin Facebook, kuɗinka suna littafin banki. Idan aka rufe ƙofa ɗaya, kowa ya tsaya cak. Mun gani lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022.

Shi kuwa intanet marar uban ɗaki, bayanansa a rarrabe suke a dubban kwamfutoci. Ginshiƙinsa shi ne bulokcen, wato kundin da kowane mahalarci ke riƙe da kwafinsa, mutum ɗaya ba ya iya goge abin da aka rubuta. Ɗan kara zai gane nan take: kamar a sayar da sa ne a gaban shaidu da yawa, maimakon a dogara da littafin dillali kaɗai. Bitcoin, wanda ya fara aiki a 2009, shi ya fito da tsarin fili.

Harkar kuɗi

Nan ya fi shiga Najeriya. Masu sayo kaya daga waje suna amfani da USDT, kuɗin kirifto da aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka. Amma mai loda shanu daga Lafiya ya bi ta Makurɗi zuwa Lokpanta, ko mai kai wa Oko-Oba a Legas, da naira yake ciniki, taransifa ta banki ta ishe shi. Sai kuɗi za su tsallake iyaka amfanin yake fitowa.

Bin sawun dabbobi

A 2021 kamfanin E-Livestock Global ya fara wani shiri a Zimbabwe da fasahar Mastercard. Ana saka wa saniya alama a kunne, a rubuta mai ita da magungunan da aka yi mata a kundin. Ga masu fama da ɓarayin shanu da rigimar "wannan sa na wane ne", darasin a bayyane yake.

Rabon tallafi

Hukumar Abinci ta Duniya ta yi amfani da bulokcen tun 2017 wajen rabon tallafi ga 'yan gudun hijirar Siriya a Jodan, don a san wa ya karɓa, nawa ya karɓa.

Matsayin doka

A Fabrairun 2021 Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da masu kirifto, ya janye hanin a Disambar 2023. Gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan bulokcen a Mayun 2023. Dokar zuba jari ta 2025 kuma ta sa kadarorin kirifto ƙarƙashin hukumar SEC. A lura fa: eNaira da aka ƙaddamar ranar 25 ga Oktoba 2021 tana da uban ɗaki, Babban Banki ne.

Inda ake tafka asara

Kundin ba ya tantance gaskiya, abin da aka ba shi kawai yake adanawa. Idan an rubuta san sata da sunan ɓarawo tun farko, haka zai zauna. Kuɗin da ka tura adireshin da ba daidai ba sun tafi kenan, babu manajan da za ka kai wa kuka. Wanda ya ga kalmomin sirrin asusunka ya mallaki dukiyarka. Sannan 'yan damfara suna fakewa da sunan kirifto, kamar CBEX da ta rushe a Afrilun 2025 da kuɗin jama'a. Malamai ma sun yi saɓani kan halaccin cinikinsa.

Don haka ɗan'uwa, duk wanda ya ce ka kawo kuɗin awalaja zai ninka maka a wata ɗaya, tambaye shi rajistarsa ta SEC. In ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka.