Jagorancin Baƙi a Elmina: Daga Cikin Sansani Zuwa Cikin Gari

Garin Elmina, wanda mutanensa ke kira Edina, yana bakin teku a yankin Tsakiya na ƙasar Ghana, kimanin kilomita 12 yamma da Cape Coast. A nan nake sana'ar jagorancin baƙi, in ɗebi mutane in zaga da su a ƙafa ina ba su labarin abin da idonsu ke gani. Ɗan zango ne ni, da Hausa na tashi a gida, Fanti kuwa a kasuwa da bakin ruwa na tsince shi. Garin ya haura shekara 500 da shiga littattafan Turawa, amma sana'armu yarinya ce, kuma duk wanda ya bi tarihinta zai ga labarin da jagora ke bayarwa ya sha canzawa gwargwadon wanda ke tsaye a gabansa yana saurare.

Abin da ke jawo mutane shi ne farin sansanin nan da ke kan tsinin ƙasa tsakanin teku da tafkin Benya. Turawan Fotugal sun iso gaɓar a 1471, suka gina shi a 1482, kuma zinariya ce ta kawo su. Da farko ma bayi suke kawowa daga wajajen Bini su sayar a nan a ba su zinariya, kafin cinikin ya juya ya koma fitar da mutane zuwa ƙetare. Turawan Holan suka ƙwace shi a 1637, suka riƙe har 1872 da suka miƙa wa Ingila. A nan aka tsare Sarkin Asante, Prempeh na Ɗaya, a 1896 kafin a kai shi gudun hijira. Daga baya ginin ya daɗe yana makarantar horon 'yan sanda, shi ya sa tsofaffin garin ba su tashi suna kallonsa a matsayin gidan tarihi ba. Wurin hukuma ne, wanda mai hankali ke wucewa ta gefensa.

Jagororin farko ma'aikatan gwamnati ne. An kafa hukumar kula da gidajen tarihi da tsoffin gine-gine ta Ghana a 1957, shekarar samun 'yanci, kuma ita ke riƙe da makullan sansanonin har yau. Ilmin da ma'aikatanta suka gada ya fito ne daga masana irin su A. W. Lawrence, Baturen Ingila da ya auna gine-ginen nan ya fitar da littafi a kansu a 1963. Aiki ne mai kyau, har gobe muna amfana da shi, sai dai idonsa na kan dutse da tubali. Manyanmu a sana'a sun ce a wancan zamani baƙo kan fita ya san wane gwamna ya ƙara wace katanga, da inda aka girke igwa, amma ɗakunan ƙasa da aka cusa mutane ba su wuce a leƙa a wuce ba. Baƙin ma ba su da yawa: Turawa ma'aikata da suka fito hutun ƙarshen mako, sai 'yan makaranta. Ko da hukumar UNESCO ta sa sansanonin Ghana cikin jerin kayan tarihi na duniya a 1979, salon bai canza nan take ba.

Waɗanda suka canza shi baƙaƙen fata ne na Amurka da tsibiran Karebiyan. Bayan littafin Alex Haley na 1976 da fim ɗin talabijin da aka yi daga gare shi a 1977, sai ga wani irin baƙo da jagororinmu ba su saba da shi ba. Bai zo don ya yaba gini ba, kakanninsa yake nema. Ana cikin yi masa bayanin ɗakin gwamna sai ya katse da tambaya: ina aka ajiye matan? Wasu su shiga kurkukun su zauna a ƙasa su fashe da kuka, jagora ya tsaya da makulli a hannu bai san abin da zai ce ba.

Rigimar ta fito fili a farkon shekarun 1990, lokacin da aka soma babban gyaran sansanonin Elmina da Cape Coast da kuɗin hukumar agaji ta Amurka. Masu gyara suna ganin gini na rubewa saboda gishirin teku, dole a shafe shi da farar ƙasa a gyara rufi. Baƙaƙen Amurka mazauna Ghana suka ce ana so a wanke laifi ne da fenti. Har gidan cin abinci aka buɗe a sansanin Cape Coast a saman kurkukun maza, sai da aka yi ta ƙorafi aka rufe shi. A ra'ayina kowane ɓangare yana da hujja kan fenti, domin ginin da ba a gyara ba faɗuwa zai yi. Amma kan cin abinci a saman inda mutane suka mutu cikin duhu, masu ƙorafin ne ke da gaskiya, babu ja.

Akwai kuma abin da baƙin ba su gane da wuri ba. A al'adar Akan, wadda mutanen garin nan ke bi, ba a tona asalin mutum, kuma cikin gidajen garin nan akwai zuriyar waɗanda suka saya, akwai zuriyar waɗanda aka saya. Shirun da mutanen gari ke yi kan bauta ba rashin tausayi ba ne, rufin asirin maƙwabci ne. Jagoran wancan lokaci ya tsinci kansa tsakanin baƙon da ke son a faɗi komai da gidan da ya hore shi kada ya faɗa.

A cikin wannan takun-saƙa aka ƙera salon da ake bi yau. Bikin PANAFEST ya fara a 1992. A 1998 aka kawo ƙasusuwan bayi biyu, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, aka shigo da su ta ƙofar teku ta sansanin Cape Coast, aka binne su a Assin Manso. Jagorori suka koyi kai mutane har bakin ƙuntatacciyar ƙofar da ake fitar da bayi zuwa jirgi, suka koyi nuna cocin da ke tsakiyar farfajiya ba tare da sassauta magana ba. Abu mafi wuya da suka koya shi ne yin shiru. Idan mace ta dafa bango tana hawaye, ba a cika ta da shekaru da sunayen gwamnoni. Ja da baya ake yi, in ta ɗago a ce, "Sannu, 'yar'uwa," a ci gaba.

To, amma wannan nasara ta zo da asara, kuma garin ne ya yi ta. Da aka buɗe gadar igiya ta dajin Kakum a 1995, sai kamfanonin yawon buɗe ido na Akra suka samu tsarin kwana ɗaya: a taso da asuba, a hau gada, a shiga sansani, a koma. Mota ta tsaya a ƙofar sansani, baƙi su shiga, su fito, su hau. Garin da ya rayu da wannan gini ɗaruruwan shekaru sai ta gilashin mota ake ganinsa. Abin da ya rage wa yaran gari shi ne su tare baƙo su tambayi sunansa, su rubuta a jikin ƙwaryar katantanwar teku, su jira fitowarsa. Wannan ne ya sa wasunmu suka fara cewa mu fitar da baƙi waje. A farkon shekarun 2000 ƙaramar hukuma ta samu tallafi daga Holan da Tarayyar Turai aka gyara wasu tsoffin wurare na cikin gari, zagayen ƙafa ya fara samun gindin zama.

Ni daga filin da ke gaban sansanin nake farawa, wanda baƙo ke ɗauka wurin ajiye motoci ne kawai. A nan tsohon garin Elmina yake, da gidajen dutse, da mutane fiye da 10,000. Da Holan ta miƙa sansanin ga Ingila, wani ɓangare na mutanen gari ya ƙi, domin sun daɗe da ƙawance da Asante. Sarkinsu Kobina Gyan ya ƙi yin mubaya'a, aka kama shi aka kai Saliyo, bai dawo ba sai 1894. Ran 13 ga Yuni 1873 Turawan Ingila suka yi wa garin ruwan wuta daga sansani da kuma daga ruwa, suka hana a sake gini a wurin. Masanin tono Christopher DeCorse ya yi aiki a filin tun daga tsakiyar shekarun 1980, ya tono harsashin gidaje da tukwane da duwatsun ado da lofe, ya buga sakamakon a 2001. Da aikinsa muke iya tsayawa a kan ƙasa tsirara mu nuna wa mutum inda unguwanni suke.

A wannan fili kuma nake faɗin abin da ya shafe mu. Cikin dakarun da Ingila ta yi amfani da su a 1873 akwai sojojin Hausa da aka kawo daga Ikko, irin waɗanda wani Baturen Ingila mai suna Glover ya fara tarawa a 1863. Ina faɗa wa baƙi haka ko da Bahaushe na cikinsu, domin jagoran da ke tona laifin wasu yana rufe na gidansu bai cancanci a saurare shi ba.

Daga nan sai gadar Benya, inda ake ganin kwale-kwale jere da tutoci da sunaye a jikinsu, da mata masu banda suna ciniki da masunta. Nan ne ake gane jagora na gaske. Sai ya gai da iyayen kasuwa tukuna, ya hana a ɗaga kyamara kan kowa ba izini, domin matan nan sun gaji da a ɗauke su hoto kamar kaya. Ranar Talata masunta ba sa fita teku, kuma Talatar farko ta watan Yuli ake bikin Bakatue na buɗe kamun kifi a tafkin. Sai mu bi ta gidajen tsafin ƙungiyoyin asafo, tsoffin rundunonin unguwanni, ɗaya da jirgin ruwa na siminti a kansa, wani da mutum-mutumin Adamu da Hauwa'u. Sai maƙabartar Holan ta 1806, da gidajen attajirai masu sunaye irin su Bartels da Vroom, jikokin Turawa da matan gari. Mai ƙarfin gwiwa mu hau tudun St. Jago, inda Turawan Holan suka jawo igwa a 1637 suka harba wa sansanin daga sama.

Wurin da na fi so in daɗe shi ne Tudun Jaba. Tsakanin 1831 da 1872 Holan ta ɗebi mutane kimanin 3,000 daga wannan gaɓa ta kai su aikin soja a ƙasar da ake kira Indunusiya yau. Bayan yarjejeniyar 1837 da Sarkin Asante Kwaku Dua, da yawansu bayi ne 'yan arewa da aka samo a Kumashi, aka fanshe su da sharaɗin su biya daga albashinsu na soja. Waɗanda suka dawo sun zauna a wannan tudu, kuma an buɗe ƙaramin gidan tarihi a kansu a 2003. Abokan sana'a suna son cewa su ne suka kawo mana atamfa. Labarin yana da daɗi, musamman ga mai ɗaure da 'yar Holan, amma masana ba su haɗu a kansa ba, don haka nake cewa ana faɗa, ba na cewa haka ne. Ƙarin gishiri shi ne cutar sana'armu: jagora ya ga an yi tsit, sai ya ƙara adadi ko ya ƙirƙiro abin tausayi don a ƙara masa ihsani. Abin da ya faru a Elmina ba ya buƙatar ƙari.

Shekarun baya-bayan nan sun kawo jama'a. Obama ya ziyarci sansanin Cape Coast a 2009. Dokar 2011 ta kafa hukumar yawon buɗe ido mai ba jagorori lasisi. A Shekarar Komawa Gida ta 2019 baƙi sama da miliyan ɗaya suka shigo Ghana, sai annobar korona ta rufe iyakoki a Maris 2020, da yawa cikinmu suka koma kamun kifi da tuƙin haya kafin abubuwa su dawo.

Har yanzu akwai giɓi babba. Labarinmu daga bakin teku yake farawa, kamar mutanen da aka cusa a kurkukun nan daga sama suka faɗo. Da yawansu daga arewa aka gangaro da su, ta kasuwanni irin su Salaga, inda fataken Hausa ke zuwa sayen goro, kuma ba goro kaɗai ake ciniki a can ba. Baƙo kan tambaye ni daga ina aka kamo su, wane harshe suke yi, kuma amsar tana can arewa, a bakin tsofaffi da cikin takardun ajami da ba a karanta wa jagororin kudu ba. Zangon garin ma ba kasafai ake sa shi cikin zagaye ba, alhali yana da nasa tarihin na tsoffin sojoji da fatake da mahauta.

Saboda haka kirana biyu ne. Samari da 'yan matan zango masu Hausa da Turanci da Fanti, ku nemi horo da lasisi ku shigo wannan sana'a, ku zauna da malamai da tsofaffinku ku rubuta abin da suka sani tun suna raye. Kai kuma ɗan'uwa da ke zuwa Akra ko Kumashi fatauci daga Kano, Sakkwato ko Maraɗi, ka ware yini guda ka iso Elmina, tafiyar kilomita 150 ce ko sama da haka kaɗan daga Akra. Ka zo da sassafe kafin rana ta yi zafi, in ka gama da sansani kada ka hau mota, ka nemi jagora ɗan gari ya shiga da kai cikin unguwanni.