Tsirkiya Guda: Tunawa da Ɗan Maraya daga Zariya

Duk wanda ya tashi a Sabon Garin Zariya a zamanin da kaset ya fara korar faifan garmaho, kuma Allah ya ƙaddara masa, kamar yadda ya ƙaddara mini, ya ci abinci da kiɗan tsirkiya, da fari yana riƙe wa ubangidansa garaya, daga bisani yana tsare rumfar kaset a bakin tasha, to lalle ya sani ma'abota wannan fanni ba a taɓa zaunar da su a sahun gaba ba. Sahun gaba na makaɗan fada ne, masu tambari da kakaki da algaita, can cikin birni a ƙofar Sarkin Zazzau. Bayansu sai makaɗan sana'a, kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera. Mu kuwa, garaya tana bin mafarauta da 'yan bori, goge yana kwana a wuraren da malamai ba su son ambato, kuntigi kuma, autansu duka, ana ɗaukarsa abin hannun yara da masu yawon roƙo kasuwa-kasuwa.

Shi Sabon Gari jirgin ƙasa ne ya haife shi, kuma daga nan ne ƙaramin layin dogo ya tashi ya hau duwatsu don kwaso kuza, ya isa Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957. A wannan Bukuru ɗin aka haifi Adamu Wayya a 1946, ɗan makaɗin sarkin garin, wanda uwa da uba suka riga shi gidan gaskiya tun bai san su ba, sarki ya riƙe shi, duniya kuma ta san shi da Ɗan Maraya Jos. Saboda haka lokacin da muryarsa ta fara zuwar mana ta Rediyon Kaduna, mutanen Sabon Gari, 'yan dako da direbobi da leburorin reluwe, ba su ji ta kamar ta baƙo ba, domin garinsa da namu garuruwan ci-rani ne, inda ake tambayar mutum aikinsa kafin a tambaye shi asalinsa.

Na harhaɗa kuntigi, abin kiɗan Ɗan Maraya, da hannuna ba sau ɗaya ba, kuma ina so mai karatu ya ga ƙanƙantarsa, domin a nan abin mamakin yake. Gwangwanin kifi ne mai siffar ƙwai, a wanke shi, a jiƙa fatar akuya a ɗame bakinsa da ita, a cusa 'yar sanda ta ƙarƙashin fatar, a ɗaura tsirkiya guda tak, a bar shi a inuwa ya bushe. Idan aka yi garajen kai shi rana fatar ta tsage, idan damina ta yi nauyi kuma sai ya dushe har sai an ɗan gasa shi a gefen wuta. Yatsun hagu ne ke neman murya a jikin sandar da ba ta da alama ko ɗaya, kunne shi ne malami. Da wannan ɗan abu, ba taron 'yan amshi a bayansa a mafi yawan waƙoƙinsa, mutum guda ya zauna ya yi wa al'umma nasiha fiye da shekara arba'in.

Ba zan manta wata safiya ta hunturu ba, na sa Waƙar Karen Mota a rumfa, sai wani yaro da ke ɗaure kaya a kan mota, riga duk baƙin mai, ya saki igiya ya sauko ya tsaya a gabana, bai ce uffan ba har waƙar ta ƙare, sa'an nan ya zaro kuɗin abincinsa na ranar ya ce in ba shi kaset ɗin, alhali ba shi da rikodar da zai sa. A ranar na fahimci abin da Ɗan Maraya ya yi wa sana'armu: roƙo, wanda tun kaka da kakanni ake fuskantar da shi ga mai sarauta da mai dukiya, shi ya juya shi ya fuskanci wanda ba shi da abin bayarwa. Haka kuma waƙoƙinsa Auren Dole da Jawabin Aure da Gulma Wuya suka shiga cikin gidaje suka faɗi abin da surukai ke jin nauyin faɗa, cikin hikima da balaga, ba tare da cin mutuncin kowa ba.

Samaru ta zo wa fannin ta wata ƙofa, ƙofar alƙalami. Jim kaɗan bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a can a 1962, wani Ba'amurke, David Ames, ya zauna cikin makaɗan Zazzau yana ɗaukar sautinsu, har shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Daga 1981 zuwa 1985 kuma Yusef Lateef, mashahurin mabushi Musulmi daga Amurka, ya yi bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta jami'ar. Ɗalibai sukan sauko rumfunanmu neman tsofaffin kaset don rubuta kundin digiri, kuma ina shaida cewa wannan ya ɗaga mana kai. Sai dai abin da suka adana lafazi ne da ma'ana, alhali sirrin yana cikin yatsu, yatsu kuwa ba su karɓar ilmi sai ta silsila, daga hannun malami zuwa na almajiri.

Silsilar ce yanzu take yankewa. Kiɗan fiyano na situdiyo ya cinye bukukuwa, rumfunan kaset sun koma na cajin waya. Ɗan Maraya ya rasu a Jos ranar Asabar, 20 ga Yuni, 2015, a farkon watan Ramadan, bayan ya karɓi lambar girmamawa ta ƙasa da digirin girmamawa na Jami'ar Jos; Hassan Wayam mai kukuma, wanda ya zauna a nan Zariya, ya bi shi a 2020. Allah ya jiƙansu da rahama, ya yafe musu kurakuransu.

Roƙona ga malaman Samaru shi ne, akwai sauran dattawa a Sabon Gari da ƙauyukan Zazzau da suka iya ɗame fata da ɗaura tsirkiya. A nemo su tun suna da ƙarfin yatsu, a ba su tabarma da ɗan abin masarufi, a zaunar da yara a gabansu.